Zomon Bakin Teku

Ƙarfe biyar na asuba, Jidda ba ta huce ba.
Na lashi leɓena, gishiri ne.
Tutocin bakin gaɓa duk sun miƙe suna nuna kudu.
Na nuna wa Tasfaye da haɓa, tunda ba ma jin bakin juna:
yau iskar arewa ce mai kasuwa.

Zomo, haka aka rubuta a bayan rigata.
Abu Rakan ya ƙirga mini riyal dubu biyu a tafi:
"Minti uku da daƙiƙa goma kowace kilomita.
Ka kai su talatin, ka ja gefe."
An ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.
To yau ni zan share wa giwaye dawan.

Mu goma sha ɗaya muka tashi a dunƙule.
Ni ne goshi.
Iska ta tare ni a ƙirji
kamar ƙofar da wani ke dannewa daga ciki.
Su kuwa sun laɓe a inuwar kafaɗuna,
numfashi ɗaya, taku ɗaya,
luguden taɓare goma a turmi guda.

A garin nan zufa ba ta bushewa.
Takan fito ta zauna, baƙuwar da ba ta san sallama ba,
don Bahar Maliya ta riga ta cika iskar da ruwa,
babu inda za a zuba namu.
Riga ta manne. Takalmi na kukan cakal-cakal.

Daidai masallacin nan da ke tsaye cikin teku
wani yaro ɗan Kasala, Mudassir,
ya ga kamar jan ƙafa muke.
Ya fice ta hagu, ya ba mu ƙeya,
daga shi sai iska.
Na so in ce masa iska na wahalar da mai kayan kara,
amma numfashina sayayye ne, ba na magana da shi.
Kilomita shida muka bi shi da ido.
Da muka haɗiye shi ko kai bai ɗaga ba.

Sai rana ta leƙo ta bayan dogayen benaye.
Goma ta koma bakwai,
bakwai ta koma biyar.
Ba wanda ke cewa sai an jima,
kunne ne kawai ke jin taɓarya ɗaya ta yi shiru.

A Abhur hanya ta yi kwana, ga allon talatin.
Daga nan iska za ta koma bayansu,
ta yi tafiya daidai tafiyarsu,
sai ka ji kamar ta mutu,
zafi ya rufe ka ruf kamar murfin tukunya.
Wannan ba shi da goshin da zai tare wa wani.
Kowa da tasa tukunyar.

Cinyoyina suka ce da saura.
Wallahi da saura.
Taku uku na ƙara bayan allon, na huɗu na hau dakali.
Tasfaye ya shafi kafaɗata yana wucewa,
hannunsa sanyi ƙalau, abin ya ba ni tsoro.

Gwaggo Indo na nan da gorar zoɓo mai ƙanƙara,
tun daga Karantina ta biya mota.
Ta dubi biyar ɗin da ke warwatsewa kamar tsakin da aka watsa,
ta dube ni.
"Mudi, kai ke gaba tun duhu.
Wa ya ce ka tsaya?"

Na sha rabin gorar, na zuba rabi a ka.
Jan ruwa ya gangaro ta kan sunan da ke bayana.
Agogon hannuna na manta ban kashe ba,
yana can yana bin su.